Hutun ƙarshen mako na ba-zata a birnin bakin teku: abin da ake ƙullewa da abin da ake bari a sake

Tambaya: Assalamu alaikum. Daren Alhamis ni da uwargida muka yanke shawarar mu bar gida Juma'a da yamma, mu je wani birni na bakin teku mu sha iska, mu dawo Lahadi. Ba mu kama masauki ba, ba mu sayi tikiti ba, muna da yara biyu, kuma babu wanda ya taɓa shiga teku a cikinmu. Ana iya irin wannan tafiya ba tare da dogon shiri ba? Da me za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana iyawa ƙwarai. Amma abu uku ne ba a barinsu ga sa'a: hanyar dawowa, wurin kwana, da sanin halin da tekun zai kasance a ciki cikin kwanakin nan biyu. In ka ƙulle waɗannan kafin ka rufe ƙofar gida, sauran ka bar su a sake, inda ƙafa ta kai ku nan ne. Biyun farko aikin awa ɗaya ne a waya. Na ukun shi aka fi rainawa, kuma kuskure a cikinsa kuɗi ba ya gyara shi, saboda haka a kansa zan fi daɗewa.

Fara da lissafin lokaci, domin shi zai zaɓa maka birnin. Daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe 6 na yammacin Lahadi awa 48 ne. Cire barcin dare biyu, awa 16, saura 32. In tafiyar awa 4 ce zuwa, 4 dawowa, kana da awa 24 na hutu. In awa 7 ce, saura 18, kuma rabinsu za ku yi su ne a gajiye. Don haka kada tafiyar ta wuce awa 4, kuma a ƙirga ta daga ƙofar gida zuwa ƙofar otal, ba abin da aka rubuta a tikiti kaɗai ba. Jirgin sama na awa ɗaya, in ka haɗa da zuwa filin jirgi, da isa awa 2 kafin tashi, da jiran kaya, da motar shiga gari, yakan cinye awa 5. Sau da yawa jirgin ƙasa ko mota na awa 3 sun fi shi sauri. Birnin da ya fi kusa ya fi wanda ya fi suna.

Tikitin dawowa ake fara dubawa kafin na tafiya. Masu zuwa bakin teku suna isa ne a warwatse, wasu Juma'a da rana, wasu da dare, wasu Asabar da safe, amma kusan dukansu Lahadi da yamma suke komawa. A nan kujeru ke ƙarewa, a nan farashi ke tashi, a nan hanya ke cushewa. In babu kujerar dawowa, to babu tafiya, a canza birni. Kuma kada ka ɗauki jirgin ƙarshe na ranar, ka ɗauki na gabansa, don in an soke naka akwai wanda za a mayar da ku. In da motarka za ka je, duba iskar tayoyi har da safaya, da mai, da ruwan lagireto, da fitilu. Tuƙin daren Juma'a bayan yinin aiki shi ne mafi haɗari a duk tafiyar: ka tsaya minti 15 bayan kowace awa 2, in kuwa ka ji idonka na nauyi tun kafin tashi, gara ku kwana a gida ku yi sammako Asabar. Dare ɗaya a otal da kuka rasa bai kai wannan kasadar ba.

In birnin a wata ƙasa yake, ba-zata tana da iyaka. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da saura wata 6 kafin ya ƙare, kowane yaro yana buƙatar nasa, kuma sau da yawa biza ba a samunta cikin dare ɗaya. A tafiyar kwana biyu, tsaya inda katin shaidarka ya isa.

Sai masauki. Tsohuwar magana cewa wanda ya kama ɗaki a makare yakan samu rangwame gaskiya ce rabi da rabi. Otal ɗin da ke tsakiyar birni, wanda 'yan kasuwa da masu taro ke cika shi daga Litinin zuwa Alhamis, yakan zama fayau a ƙarshen mako, sai ya rage farashi. Wanda ke kan rairayi akasin haka yake: daren Juma'a da na Asabar su ne kasuwarsa, wasu ma ba sa bayar da dare ɗaya sai biyu. Ga mai tafiyar gaggawa, otal na cikin gari da ke da tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa zuwa bakin ruwa shi ne ya fi dacewa. Buɗe taswira ka auna nisan da kanka. Birnin bakin teku ba lallai ne ya zama yana da wurin wanka kusa da tsakiyarsa ba. A manyan biranen da ke da tashar jiragen ruwa, gaɓar da ke cikin gari takan zama ta kwantenoni da katanga, rairayin kuwa yana can kilomita da yawa a waje. Kalmomin talla ma a kula da su. Ɗaki mai kallon teku yana iya zama a hawa na takwas, da babban titi tsakaninsa da ruwa. Wanda aka ce ana ɗan hango teku daga cikinsa, sai ka leƙa ta gefen baranda kafin ka ga shuɗi.

Karanta ra'ayoyin waɗanda suka kwana a wurin cikin wata 3 da suka wuce, ka fara da masu ƙorafi. Abin da kake nema shi ne maganar da ta maimaitu: warin danshi, na'urar sanyaya ɗaki da ba ta aiki, hayaniyar kiɗa har tsakar dare. Iskar teku tana da laima da gishiri, tana cin ƙarfe tana sa bango fumfuna, shi ya sa otal ɗin da ya yi kyau a hoton shekara 4 da suka wuce yana iya zama ya lalace yau. Araha ba ta ado. Bayan ka kama ɗakin, kira otal ɗin da bakinka: ka tabbatar sunanka ya shiga, ka faɗa musu ƙarfe nawa za ku iso, domin wasu sukan sayar da ɗakin wanda bai bayyana ba zuwa wani lokaci, ƙananan masaukai kuma sukan rufe teburin karɓar baƙi da dare. Tambayi ko akwai harajin baƙi da ba a sa a farashin ba, ko suna riƙe kuɗin ajiya a katin banki da kwana nawa yake yi kafin ya dawo, da kuma ko za su ajiye muku kaya ranar Lahadi. Yawancin otal-otal suna ba da ɗaki ne daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, su karɓe shi ƙarfe 11 ko 12. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi kai tsaye zuwa asusunsa, a wajen manhajar da ka ga tallar, don ya riƙe maka gida, rabu da shi. Masu damfara sun san mai gaggawa ba ya bincike.

Kaya kuwa jaka ɗaya ta hannu ga kowane babba ta isa. Kayan sawa kala biyu, kayan shiga ruwa, riga mai ɗan kauri domin iskar bakin teku da dare tana da sanyi ko a ƙasa mai zafi, hula mai faɗi, takalmin roba mai kama ƙafa, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, caja, da magungunan da wani ke sha kullum. In jirgin sama ne, a yawancin filaye ruwa ko man shafawa a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, batirin cajin waya kuma a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a kayan da za a auna, kuma ƙarfinsa kada ya wuce kimanin mAh 27,000 (mAh shi ne ma'aunin cajin da batiri ke ɗauka). Daga kuɗin da ka ware, ka cire kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe, wani a kati wani a hannu, don motar haya ta dole ko ƙarin dare ɗaya.

Yanzu ga tekun kansa. Wanda ya iya iyo a kogi ko tafki ko wurin wanka na otal ya san ruwa mai hali ɗaya. Teku yana sauya hali cikin awa guda, kuma yawancin sauyin a rubuce yake tun kafin ku tashi. Daren Alhamis ɗin nan ka nemi abu uku a intanet da sunan gaɓar da za ku: jadawalin cikar teku da janyewarsa, hasashen igiyar ruwa, da hasashen iska.

Cika da janyewa jan wata ne da na rana ke haddasa su. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Misali, in ya cika ƙarfe 8 na safiyar Asabar, zai kai ƙarshen janyewa wajen 2 da kwata na rana, ya sake cika wajen 8 da minti 25 na dare, Lahadi kuma ya cika wajen 9 saura minti 10 na safe. Girman bambancin ya danganta da wuri. A yawancin Bahar Rum bai kai rabin mita ba, ba ma za ka lura da shi ba. A mashigin Fandi na ƙasar Kanada yana kaiwa kimanin mita 16. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, bambancin ya fi girma: ruwa ya fi hawa, ya fi kuma janyewa. Abin da ke kama baƙi shi ne ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A cikin awa 6 na hawansa, awa ta farko da ta ƙarshe a hankali yake zuwa, amma rabin hawan gaba ɗaya yana faruwa ne a awa ta uku da ta huɗu. Inda bambancin ya kai mita 4, mita 2 ke nan cikin awa 2. Mutum ya ga ruwa ya ja da baya, ya taka zuwa wani tsibirin yashi ko ya zagaya bayan wani dutse, ya duba sau ɗaya ya ga ruwan bai motsa sosai ba, ya saki jiki; kafin ya waiga, ruwan ya biyo ta kwari ya zagaye shi ta baya. In za ku yi irin wannan yawo, ku fita ruwa yana janyewa, ku juyo kafin ya fara dawowa. Wurin shimfiɗa tabarma ma akwai alama: layin ciyawar ruwa da tarkacen da ke kwance a kan yashi shi ne inda cikar da ta wuce ta tsaya. Ku zauna sama da shi. Mota kuwa ko kusa kada ta sauka kan yashi.

Abin da ya fi kashe masu wanka a gaɓar da igiya ke karyewa shi ne ruwa mai ja. Ga yadda yake samuwa: igiyoyi suna ta turo ruwa zuwa gaɓa, ruwan ya taru, dole ya nemi hanyar komawa, sai ya sami wani kwari tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, ko gefen wata gada ko katangar duwatsu, ya bi ta nan da ƙarfi zuwa cikin teku, kamar yadda ruwan sama da ya taru a kan rufi ke bin indararo. Gudunsa na yau da kullum kimanin rabin mita ne a daƙiƙa, amma an auna wanda ya kai mita 2 da rabi, wanda ya fi gudun zakarun ninkaya na duniya. Mugun abin shi ne kamanninsa. Da yake wurin ya fi zurfi, igiya ba ta karyewa a kansa, sai ya zama wani fili mai duhu, lumui, tsakanin fararen kumfa dama da hagu. Baƙo mai yara yana ganinsa sai ya ce ga wuri mai lafiya. Nan ne wurin da ba a shiga. Kafin kowa ya taɓa ruwa, ka tsaya a wuri mai ɗan tudu minti 10 kana kallo: ka nemi wannan gibin, ka nemi inda kumfa ko ganye ko ruwa mai launin yashi ke tafiya zuwa ciki maimakon zuwa gaɓa. Ya fi ƙarfi lokacin da ruwa ke janyewa da kusa da ƙarshen janyewar.

In ya kama mutum, ba ya jansa ƙasa, waje yake kai shi. Abin da ke nutsar da mutane shi ne kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa har ƙarfi ya ƙare. A kwanta rigingine, a buɗe hannuwa da ƙafafu, kunnuwa a cikin ruwa, a daidaita numfashi. Ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da na kogi. A ɗaga hannu ɗaya a yi ihu. Wanda ya iya iyo ya bi gefe, a jere da gaɓa, domin faɗin wannan ruwa sau da yawa bai wuce 'yan mitoci goma-goma ba, in ya fita daga cikinsa sai ya bi igiya ta kawo shi. Wanda ke tsaye a gaɓa kuma, wannan ita ce magana mafi wuyar karɓa ga uba: kada ka faɗa ruwa hannu rabbana. Kira masu ceto, jefa duk abin da ke yawo a kan ruwa, jarka ko ƙwallo ko akwatin sanyaya abin sha, kada ka ɗauke ido daga kansa, ka riƙa nuna shi da hannu. Labarin mai ceto da ya nutse, wanda ya je cetowa kuma ya fita da ransa, ya yi yawa a gaɓoɓin duniya.

Shi ya sa ga iyalin da ba su taɓa shiga teku ba hukuncina ɗaya ne: gaɓar da ke da ma'aikatan ceto a bakin aiki, ko kuma a tsaya a jiƙa ƙafa kawai. Tutocinsu ba su da wuyar ganewa. Tutoci biyu masu rabi ja rabi rawaya, tsakaninsu ne wurin da ake sa ido, nan za ku shiga. Ja zalla, ba a shiga. Rawaya zalla, a yi hattara, wanda bai ƙware ba ya tsaya a bakin gaɓa. Mai murabba'ai baƙi da fari kamar allon dara, wurin masu allon hawa igiya ne da ƙananan jirage, ba na wanka ba. Shunayya, inda ake amfani da ita, tana nufin akwai halittu masu harbi. Ƙasashe suna ɗan bambanta, don haka karanta allon da ke mashigar gaɓar, ka kuma je ka gaishe da mai ceton ka tambaye shi ina ne ya fi lafiya ga yara yau. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi lokacin tashinsu daga aiki ma, domin wankan magariba bayan sun sauke tuta ba shi da mai gani.

A hasashen igiya lamba biyu za ka gani: tsayi da mita, da tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya. Ga sabon shiga, duk abin da ya wuce rabin mita ya fara yawa, mita ɗaya kuwa na kallo ne. Tazarar da ta wuce daƙiƙa 10 alama ce igiyar ta taso daga nesa, daga wata guguwa can tsakiyar teku, kuma tana ɗauke da ƙarfin da ya fi tsayinta. Saboda haka ake samun rana garau, babu iska, amma ruwan yana da haɗari. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa: ƙanana na 'yan mintoci, sai manya uku ko huɗu a jere. Mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya na ruwa nauyinsa tan guda ne, don haka igiyar da ta kai gwiwar babba tana kayar da yaro. Kada a juya wa teku baya, musamman masu hawa duwatsu don ɗaukar hoto. Duk dutsen da ka gani a jiƙe, igiya ta kai wurin ɗazu, za ta kuma dawo. Gaɓar da yashinta ya yi gangare sosai, inda igiya ke tashi ta faɗo kai tsaye a kan yashi, tana karya kafaɗa da wuya a ruwan da bai kai ƙugu ba.

Iska kuma alkiblarta ce abin dubawa. In tana busowa daga tudu zuwa teku, saman ruwan yakan kwanta ya yi kyau, amma duk wani abin hurawa da yaro ke kai, katifar iska ko zoben roba, za ta tura shi ciki da saurin da ba a cim masa da iyo. A wasu gaɓoɓin ana ɗaga wata jakar iska mai ruwan lemo don wannan gargaɗi. Nawa ra'ayin, waɗannan kayan wasa na wurin wankan otal ne, kada su je teku ko da wace iska. Ka duba sanyin ruwan ma, domin zafin gari ba ya nuna shi: teku yana jinkirin ɗumama, kuma inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, kamar gaɓar Namibiya da yammacin Afirka ta Kudu, ana iya zufa a kan yashi ruwan kuma bai kai digiri 15 ba. Faɗawa irin wannan ruwa farat ɗaya yana sa numfashi ya ƙwace na kimanin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mutum ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. A shiga a hankali.

Yara biyu, manya biyu: kowane babba da yaronsa, a faɗa da baki wane ne na wane, kuma a cikin ruwa yaro kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi. Nutsewa ba ta da ihu. Yaron da ke nutsewa ba ya samun numfashin kira, a tsaye yake a ruwa, kai a ɗage, shiru, kuma abin yana ƙarewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Wayar hannu ita ce babbar abokiyar gabar mai tsaro. Da kun isa, ku nuna musu wata alama babba, kamar hasumiyar masu ceto, inda za su je in sun ɓace. Ramin yashi kada ya wuce gwiwar ƙaramin cikinsu, kuma ban da haƙa rami mai shiga ƙarƙashi, domin yashi yana ruftawa ba gargaɗi.

Rana a bakin teku ta fi ta cikin gari cizo, kuma iska tana ɓoye zafinta. Busasshen yashi yana mayar da kimanin kashi 15 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, kumfar teku kimanin kashi 25, gajimare mara kauri kuma yana barin har kashi 80 ya wuce. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, amma tana ƙonewa, musamman kafaɗa, hanci, leɓe da bayan ƙafa. Man kare fata mai lamba 30 ko sama, a shafa minti 20 kafin fita, a sake bayan kowace awa 2 da bayan kowane wanka. Jikin babba yana cin kimanin cokalin shayi 7, mililita 35, wato kwalbar mililita 100 shafawa uku ce kacal. Ku sayi babba in kun isa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa gwargwadon iko, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa ba a sa shi a rana sam. A sha ruwa tun kafin ƙishi. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, haɗiyarsa ƙara ƙishi take yi, tana kuma sa yara amai.

In wata halitta mai kama da farar leda mai zare-zare ta harbi wani, a wanke wurin da ruwan teku, ba na famfo ba, domin ruwan daɗi yana sa sauran ƙwayoyin dafin su fashe. Kada a murza. A cire zaren da matsefata ko gefen katin banki, a jiƙa wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure na minti 30. Wasu nau'o'in ana zuba musu ruwan tsami na binega, wasu kuma yana ƙara musu, masu ceton wurin su suka san irin nasu. Wahalar numfashi, kumburin fuska ko ciwon ƙirji, asibiti nan take. Ko matacciya ce a kan yashi tana harbi, a hana yara taɓawa. Bayan ruwan sama mai ƙarfi kuma, magudanan birni suna juye ƙazantarsu a teku; a bar wanka kwana 2 zuwa 3, kuma ko yaushe a nisanci bakin kwalbati da inda rafi ke shiga teku. In an ji tsawa a fita daga ruwa da kan yashi a shiga gini, sai minti 30 bayan ta ƙarshe. In ƙasa ta girgiza, ko ruwa ya janye da nisa cikin 'yan mintoci ba a lokacinsa ba, a bar komai a hau tudu. Wannan alamar ta bayyana a gaɓoɓi da dama kafin ambaliyar tekun Indiya ta ranar 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe mutane sama da 200,000.

Yawon jirgin ruwa ko zuwa tsibiri, in kuna so, ranar Asabar da safe ake yinsa. Da safe teku ya fi kwanciya, domin iskar da ke busowa daga ruwa takan ƙarfafa ne da rana ta yi. Kuma in iska ta sa an soke jirgin dawowa, kuna da Lahadi a hannu. Rigar ceto ga kowa, ta yara daidai jikinsu, a ɗaure ta tun kafin a tashi. Jirgin da ba shi da ita ko ya yi lodi fiye da kima, ku bar shi ya tafi. Mai jin jiri ya sha maganin tashin zuciya na tafiya minti 30 zuwa 60 kafin shiga, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Maganin yana sa barci, mai tuƙi a ranar kada ya sha.

Kifi kusa da teku ba lallai ne sabo ba. Sabon yana da ido garau a kumbure, cikin murfin gefen kansa ja ne, namansa yana dawowa in an danna, kuma ba shi da ƙarni mai hawa kai. Irin su tuna da makarel da sadin, in sun daɗe a zafi ba ƙanƙara, suna tara wani sinadari da dafuwa ba ta kashe shi. Alamarsa ɗanɗanon yaji-yaji a baki, sai jan fuska, ƙaiƙayi da ciwon kai cikin awa guda. Halittu masu ƙwanso a ci su dafaffu sosai, wanda bai buɗe ba bayan dafuwa a yar. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, domin suna cikin abincin da jikin wasu ke ƙi da tsanani. Inda ake sayar da kifi da awo, a ji nauyi da kuɗinsa kafin ya hau wuta.

Tsarin kwanakin bai buƙatar takarda. Daren Juma'a ku isa, ku ci abinci kusa, ku kwanta. Asabar abu ɗaya babba ya isa: bakin ruwa da sassafe har wajen ƙarfe 10, tsakar rana a cikin gari ƙarƙashin inuwa, kasuwar kifi ko tsohuwar unguwa ko gidan tarihi, yamma a koma gaɓa don tafiya a ƙafa. Gaɓar da ke kallon yamma ita ke da faɗuwar rana a kan ruwa, mai kallon gabas fitowarta. Kuɗi da takardu su zauna a otal, a fita da abin da za a kashe kawai, kuma kada a bar jaka ba mai tsaro. Wayar da ta faɗa ruwan gishiri a kashe ta nan take, a ɗauraye da ruwan daɗi kaɗan, a bar ta ta bushe, kada a sa ta a caji, domin gishiri da wuta tare ne ke cinye cikinta.

Lahadi ku yi wankan teku na ƙarshe da wuri, yadda za ku dawo ku yi wanka da ruwan daɗi kafin a karɓi ɗaki; gishiri da yashi a jiki cikin tafiyar awa 4 suna sa yara kuka har gida. Ku haɗa kaya, ku biya, ku karɓi rasit, ku bar jakunkuna a wurin ajiyar otal, ku ci abincin rana a gari. Mai mota ya kama hanya kafin ƙarfe 2, ko ya jira cunkoson ya lafa in ba shi zai yi aiki da sassafe ba, in ya isa gida kuma ya wanke motar har ƙarƙashinta saboda gishiri. Mai jirgi ya ƙara minti 45 a kan lokacin da taswira ta ce za a kai tasha. In wani a cikinku ya yi nutso da tukunyar iska, kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla in sau ɗaya ya yi, awa 18 in ya maimaita.

In kuwa ka duba daren nan ka ga an yi gargaɗin guguwa, ko igiya ta haura mita 2 duk kwanakin, ba dole ne a fasa ba muddin hanya lafiya take: ku je ku ga birnin, ku kalli tekun daga kan titin gaɓa, wankan a bar shi ga wurin wanka na otal. Allah ya kai ku lafiya, a gaida uwargida da yaran.